Zaɓen Wurin Tarihi Ga Mai Tashi Daga Ƙasar Gumel

Da an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya fara busowa daga arewa, lokaci ne da makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kan haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota zuwa ganin wuraren tarihi. Shawarar inda za a dosa ba ta cika ɗaukar lokaci ba. Wani ya ce Kano, wani ya ce rijiyar Kusugu ta Daura, sai a tsaya a kan wanda sunansa ya fi zama a bakin mutane. Alhali suna shi ne mafi raunin ma'aunin da za a zaɓi wurin tarihi da shi. Kamata ya yi mai shirya tafiya ya fara tsayar da tambayar da yake so a dawo da amsarta, sannan ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya yana duba abin da ya rage a ƙasa wanda ido zai gani, da wanda zai yi bayani in an isa, da saurin da wurin ke lalacewa. Bayan duk wannan, hanya da tsaro ke da magana ta ƙarshe. Wanda ya saba shiga kara a Maigatari ranar Alhamis ya san ba a sayen sa don dillali ya yabe shi. Sai ka san na huɗa kake nema ko na yanka, ka buɗe baki ka duba haƙori, ka sa a ja shi ya taka a gabanka.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Duk shekara miliyoyin mutane ke tururuwa Italiya don ganin abin da Rumawa suka bari, kuma yawancinsu wurare biyu suke dosa: Kolosiyam, katafaren dandalin wasa da ke tsakiyar birnin Rum, da Pompei, garin da aman dutse ya binne da toka a shekara ta 79. Wuraren sun cancanci a gan su. Sai dai wanda damuwarsa ita ce ya san yadda talakan Rum ya yi ciniki, ya kama haya, ya sayi burodinsa, zai fi ƙaruwa a Ostiya, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta birnin, inda rumbunan hatsi da shaguna da gidajen haya masu bene suke tsaye, ga kuma sauƙin cunkoso. A nahiyarmu akwai Lebda a gaɓar tekun Libiya, gabas da Tarabulus, mahaifar sarkin Rum Septimus Seberus da ya yi mulki daga 193 zuwa 211. Ginshiƙanta da kasuwarta sun tsira ne saboda da dutse aka gina su, sannan rairayi ya lulluɓe su ɗaruruwan shekaru kafin Italiyawa su tone a shekarun 1920 da 1930. Abin da ke sa wuri ya cika ido yau shi ne kayan da aka yi ginin da su da sa'ar da ya taka, ba lalle girman mutanen da suka zauna a cikinsa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da Abdulkarim, ya ga kangayen Rumawa a hanyarsa daga Tarabulus zuwa Murzuk a 1850, ya kuma iso Gumel a watan Maris na 1851. Bai raina garin don na ƙasa da kara ne ba. Ya tsaya ya rubuta cinikin kanwar da ake yi a cikinsa, domin fatauci na cikin abin da aka aiko shi ya bincika.

To, a fara da tambaya. Ga mutumin Gumel samun ta ba wuya, domin tarihin masarautarsa ya sha bamban da na maƙwabta. An kafa ta wajejen 1750 a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa, ta bi Barno, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ci ta ba, ba ta kuma taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Fadar tana Tumbi, wadda yau ke cikin Nijar kimanin kilomita 30 arewa, kafin a dawo da ita Gumel a 1845. An gwabza da Haɗeja da Kano da Damagaram kafin zuwan Turawa a 1903. Wanda ya riƙe wannan zai ga cewa tafiyar da aka saba yi zuwa Daura labarin Hausa Bakwai take bayarwa, kuma Gumel ba ta cikinsu. Labari ne mai daraja, amma ba shi zai faɗa wa yaro dalilin da ya sa garinsu yake inda yake ba. Mai shirya tafiya ya zauna da abokan aikinsa su rubuta tambayar a jimla ɗaya. Gwada ta ba wuya: idan kowane wuri zai iya amsa ta, ta yi faɗi. "Mu je mu ga tarihi" ba tambaya ba ce. "Ta yaya birnin ƙasa ya tsare kansa daga mahaya dawakai?" tambaya ce, kuma da an furta ta rabin wuraren sun fita daga lissafi.

Ɗauki tambaya mafi tsufa: su wa suka riga mu a ƙasar nan, da me suka rayu? A Jigawa babu inda ke amsa ta irin duwatsun Birnin Kudu. A ƙarƙashin inuwar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu a jikin dutse, wanda Bernard Fagg ya yi nazarinsa a shekarun 1950, kuma an daɗe da sanya wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. Kusa da su akwai duwatsu masu amo, waɗanda ke ba da sauti daban-daban idan aka buga su da ƙaramin dutse, har ana ganin gurbin bugun da aka daɗe ana yi a jikinsu. Ga ɗan Maigatari ko Sule Tankarkar wurin yana da wani armashi da ɗan birni ba zai ji ba. Yaron da ya tashi yana bambanta bunaji da rahaji, kallo ɗaya zai yi ya lura cewa da yawa daga shanun da ke jikin dutsen dogayen ƙaho gare su amma ba su da tozo. Marasa tozo yau sai a nemo su a bakin Tafkin Chadi, inda ake kiwon kuri, ko a kudu, inda ake da muturu. Daga nan tambayoyi za su zo da kansu: yaushe masu tozo suka shigo, daga ina, me ya ba su galaba a ƙasar nan? Malami zai yi mako yana neman ya tayar da wannan sha'awa a aji bai samu ba. Abin gani yana nan a inda aka yi shi. Mai bayani yana nan, domin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a garin. Lalacewa kuwa tana tafe, launi na dusashewa, masu fasa dutse na matsowa, ga marasa tunani da ke rubuta sunayensu a kai. Hanyar ta Gujungu da Jahun da Kiyawa ce, kuma da sammako za a je a dawo rana ɗaya.

Kano ce aka fi yi wa kuskure, saboda yawan abin da ke cikinta. Kimanin kilomita 120 ne daga Gumel ta Gujungu da Gezawa, sai a ga kamar sauƙi, a cusa Dala da Gidan Makama da Kurmi da karofin Ƙofar Mata da gidan zu cikin wuni ɗaya, yara su dawo ba abin da suka riƙe sai gajiya da hotuna. Idan tambayar ita ce yadda birni ya tsare kansa ya kuma ciyar da kansa, tsarin ziyarar a bayyane yake. A hau Dala da sassafe, inda bincike ya nuna ana narka tama tun ƙarni na 7, a ga yadda tsohon birni ya kwanta. A nuna wa ɗalibai cewa ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa tsakanin 1463 da 1499, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki, don kada yunwa ta ci garin idan an yi masa ƙawanya. Kududdufan cikin gari ma shaida ne, daga nan aka haƙo ƙasar gini. A sauko a nemi ragowar badala a ɓangaren yamma, a tsaya gindinta a tuna cewa da Turawa suka iso a 1903 shugabansu Lugga ya ƙiyasta tsayinta ƙafa 30 zuwa 50. Sai a ƙare a Gidan Makama, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni. A nan dole mai jagora ya faɗa wa yara gaskiya: yawancin ƙofofin da suke gani a titi sabon gini ne na siminti, ita kanta Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya aka sake gina ta. Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin jiran hukumar UNESCO, kuma kullum ana ginawa a kanta. Wanda ke son ɗalibansa su ga ta asali kada ya ɗage tafiyar zuwa baɗi.

Daura misali ce ta wurin da labarinsa ya fi abin ganinsa. Rijiyar Kusugu tana cikin gini; a leƙa, a ja ruwa, a ji labarin Bayajida da maciji da Daurama, an gama. Wannan ba aibu ba ne, mai son sanin yadda al'umma ke ba da labarin asalinta zai samu abin da ya zo nema. Amma idan wannan ce tambayar, a kama zaren tun daga bakinsa. Labarin ya ce da Bayajida ya baro Barno, a Garun Gabas ya bar matarsa ta haifi Biram, ya bi ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa Daura. Garun Gabas tana ƙaramar hukumar Malam Madori, gabas da Gumel, tafiyar safiya ɗaya, amma sai a tsallake ta don ba ta yi suna ba. Kishiyar Kusugu ita ce Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, inda abin da aka tono ya fi labarin da ake bayarwa. Wani Bature mai suna Palmer ya buɗe wasu daga tuddan kaburburan wurin a 1907, aka sake tono a 1992, aka fito da 'yan kunnen zinare da awarwaron hauren giwa da wuri da tasar ƙarfe ƙirar ƙasashen gabas, shaidar cewa fatauci ya haɗa Katsina da nesa ɗaruruwan shekaru kafin Turawa. Har Jamus aka kai kayan aka gyara. Wanda ya je wurin yau tuddai zai tarar. Haka kwalekwalen Dufuna, da aka gano a 1987 a jihar Yobe, mai kimanin shekaru 8,000: an ɗauke shi zuwa Damaturu, ramin da ya fito ba abin da zai nuna wa kowa. Saboda haka kafin a ƙona mai a tuntuɓi gidan tarihi mafi kusa, a ji ko abin yana inda aka same shi ko ya koma cikin gilashi.

Tambayar da ta fi shafar ɗan ƙasar Gumel ita ce: ta yaya ƙaramar masarauta ta rayu tsakanin manya? Wurare uku ke riƙe da amsar. Birnin Gazargamu, kusa da Geidam a jihar Yobe, shi ne babban birnin Barno tun da Mai Ali Gaji ya kafa shi wajejen 1470 har faɗuwarsa a 1808, wato can ne ubangidan sarakunan Gumel na farko yake zaune. Har yanzu ana ganin zoben ganuwarsa da ragowar ginin jan bulo, abin da ba kasafai ake samu a ƙasashenmu ba. Damagaram tana da tsohuwar unguwar Birni da fadar sarki a tsaye, ana aiki a cikinta. Sarki Tanimu ne ya kewaye garin da ganuwa a shekarun 1850, ya sa aka ƙera igwa, kuma nan ce hedkwatar Nijar har 1926. Haɗeja kuwa, wadda aka yi ta fafatawa da ita har mutuwar Sarkin Gumel Abdullahi a 1872, tana da ragowar ganuwa da ƙofofi, da tarihin 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ya yaƙi Turawa har aka kashe shi. In ilimi kaɗai za a duba, Gazargamu ce gaba. Sai dai a nan ne hanya da tsaro ke yanke hukunci. Tafiyar ta Malam Madori da Nguru da Gashuwa doguwa ce, kuma Geidam ta sha hare-hare, har da na watan Afrilun 2021. Babu shugaban makarantar da ya kamata ya ɗibi 'ya'yan mutane zuwa can sai jami'an tsaro da sarakunan yankin sun tabbatar masa. Damagaram tsallaken iyaka ce, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ƙa'idar shiga ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Mutumin Maigatari ya saba leƙawa tsallake cin kasuwa ko zumunci, amma mota cike da ɗalibai wata magana ce daban: ana bukatar takardun kowa, da katin rigakafin shawara, da sefa a aljihu, da tambayar jami'an shige da fice tun kafin ranar. Idan aka haɗa lissafi, Haɗeja da ta zo ta uku a suna ita ce ta farko a yiwuwa, kuma ana iya haɗa ta da Garun Gabas.

Lokaci ma yana cikin zaɓi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa: an girbe gonaki, ƙasa ta fito fili, tsingaro da alamar ganuwa suna ganuwa. Da damina ciyawa da shuka kan rufe kufai, ƙananan hanyoyi su yanke, ballantana wajen Haɗeja da ke fama da ambaliya. Da bazara dutse kan yi zafin da ba a iya dafa shi da hantsi, a Dala ko a Birnin Kudu. Ranar da hazo ya yi kauri hawan Dala asara ce. A guji Juma'a da kwanakin hawan salla idan kufai aka je gani, a kuma lissafa cunkoson ranar kasuwar Gujungu a lokacin tashi.

Za a ce duk wannan ɓata lokaci ne, domin in ka cire fada da rijiya sauran tudun ƙasa ne, ba kamar na Rumawa da ake ganin ginshiƙai da rubutu ba. Akwai gaskiya a ciki. Ginin tubali yana rayuwa ne da yaɓe, kuma da aka daina tara talakawa gyaran ganuwa bayan zuwan Turawa, ruwan sama ya yi aikinsa. Amma ƙasa ba ta rasa bayani, sai dai a rasa mai karanta ta, kuma karatun ana koyonsa. Dogon tudu mai lanƙwasa da ya ratsa gonaki ganuwa ce. Kwarin da ke bin bayansa gwalalo ne. Inda tudun ya yanke aka ga tsohuwar turba, ƙofa ce. Kukoki da suka taru wuri ɗaya a dawa galibi alamar an taɓa zama ce. Tsingaro yana nuna inda gidaje suka yi yawa, kashin maƙera yana nuna inda aka narka tama ko aka yi ƙira, jerin ramuka masu daɓe karofi ne, dutsen niƙa da ya lotsa yana faɗin yawan hannuwan da suka bi ta kansa. A raba ɗalibai, wasu su auna faɗin ganuwa da taku, wasu su zana taswirar abin da suka gani, wasu su zauna da dattijon unguwa su rubuta sunayen wurare. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a kufai sai ji ya riga gani. Wanda ba a karanta masa tarihin wurin kwana ɗaya kafin tafiya ba, zai taka ganuwa ya wuce yana tambayar ina take. Abin da za a yarda da shi daga wannan suka shi ne maganar shekaru. 'Yan firamare ba za su iya wannan karatu ba, su a kai su inda abu ke tsaye ko ake aiki, fada ko karofin Ƙofar Mata, su ga baba ya kama zane da idonsu.

Wani kuma zai ce, tunda kuɗin mota ya yi tsada kuma sau ɗaya ake samun dama, gara a ga wurare biyar da a ga ɗaya. Lissafin bai fita ba. Kowane ƙarin wuri yana cin lokacin hanya, da sauka da hawa, da ƙirga yara, da neman mai buɗe ƙofa, har abin da zai rage na kallo bai taka kara ya karya ba. Babban wuri ɗaya da ƙarami ɗaya da ke amsa tambaya guda sun isa wuni, kuma tsadar ce ma ta sa bai kamata a kashe kuɗin a kan titi ba.

Sukar da ta fi nauyi ta addini ce, kuma iyaye kan yi ta da kyakkyawar niyya: me zai kai ɗan Musulmi wurin da aka taɓa tsafi? Dala tana da tarihin Tsumburbura, wasu duwatsun ma an yi musu al'adun da Musulunci bai yarda da su ba. Amsar tana cikin niyya da ladabi. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, har a surar da ke ɗauke da sunan Rumawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta kufan Samudawa a hanyar Tabuka, ya koya wa sahabbai su wuce da tsoron Allah, ba da wasa ba. Zuwa lura daban, zuwa neman tabarruki ko biyan bukata daban. Mai shirya tafiya ya bayyana wa iyaye wannan a takardar neman izini, ya tafi da malamin addini na makarantar, ya sa lokacin salla cikin tsarin wunin. Uban da bai gamsu ba a girmama ra'ayinsa.

Saura shiga wuri. Kufai ko dutse kowane yana da masu shi. A rubuta wa gidan tarihin da ke kula da wurin tun da wuri, da takarda mai hatimin makaranta. A ƙauye a fara sauka wurin mai unguwa ko dagaci, a gaishe shi, shi zai haɗa baƙi da wanda ya san wurin. Idan fada za a shiga a nemi izini ta ofishin masarauta, a cire takalmi inda ake cirewa, kada a ɗauki hoto sai an tambaya. Mai bayani iri biyu ne, ma'aikacin hukuma da ya san abin da bincike ya nuna, da dattijon da ya gaji labarin baka. A saurari dukansu, kuma inda suka saɓa kada malami ya yi saurin sasantawa, ya bar ɗalibai su rubuta saɓanin, nan ne darasin yake. A tanadi ɗan alheri na dattijon cikin kasafin tafiya. Kada a zuba wa zanen dutse ruwa don ya fito a hoto, kada a shafa shi, kada a hau kan badala. Tsingaro ko tsakiya ko guntun ƙarfe da aka gani a bar shi inda yake, domin wurin da abu ya kwanta rabin bayaninsa ne, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana cinikin kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba.

Makarantar da ba ta taɓa fita ba ta fara da gida, inda kuɗin mota ba zai hana ba. Fadar Gumel da masu riƙe da tarihinta suna nan. Tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, a kan layin da ya isa Nguru a 1930, za ta nuna yadda dogo ya karɓe aikin ayari ya juya ciniki zuwa gyaɗa. Kasuwar Maigatari ita ce jikanyar cinikin da Barth ya gani, kuma a ƙauyukan masarautar dattijai za su nuna kufan da kakanninsu suka taso. Ɗaliban da suka koyi karanta ƙasa a nan su ne za su amfana da tafiya mai nisa, kuma in sau ɗaya za a yi ta bana, Birnin Kudu za a je, sai Haɗeja da Garun Gabas, sai Kano. Ku shugabannin makarantu da malaman tarihi, kafin a karɓi kuɗin ɗalibi ko ɗaya, a tura malami ya je ya ga wurin da idonsa, ya gana da mai bayani, ya dawo da sanin awoyin da hanya ke ci da inda yara za su sha ruwa su yi salla.